Tutar Roccalta a Bas Mai Lamba Sha Huɗu

Fitsari ne ya ja mini. Shekara tara ina riƙe da tutar ƙungiyar magoya bayan Roccalta, ban taɓa rabuwa da ayari ba sai ranar da muka ci Torresale ɗaya da nema a gidansu.

Da aka busa tashi, 'yan sanda suka kulle mu a ɓangaren baƙi kamar kullum, minti arba'in, har masu gida su ragu. Na kwance tutar daga jikin ƙarfe, na naɗe ta a cikina zagaye uku, na ɗora kwat na ja zif. Tuta ba ta shiga jaka, don jaka ana fizge ta. Kuma kowa ya san doka: ƙungiyar da abokan gaba suka ƙwace wa tuta, ranar ta mutu. Ba taro, ba waƙa, ba ɗinka wata. Tamu shekararta talatin da ɗaya.

Na ce bari in zaga bayi kafin a buɗe ƙofa. Da na fito, wayam. Motoci huɗun da ake kwasar mu zuwa tashar jirgi sun tashi da jiniyarsu, sai hayaƙi.

"Ranka ya daɗe, jirginmu shida da minti goma!" na ce da wani ɗan sanda mai tumbi.

Ya dubi agogo, ya dube ni. "Bas mai lamba sha huɗu, can bayan gidan mai. Cire koren gyalen nan daga wuyanka. Kuma idan kana son haƙoranka, kada ka buɗe baki. Maganarku ta 'yan kan dutse ba ta ɓoyuwa."

Na tura gyalen cikin kwandon shara, na ruga.

Bas ɗin ja wur. Ja a wuya, ja a ka, ja a fuska, duk 'yan Torresale ne, kowa ya cika yana batsewa. Na kutsa na kama ƙarfe. Watan Mayu ne, rana tana dukan gilashi, ni kuma ga kwat, ga ƙyalle mita shida a ciki. Gumi har cikin takalmi.

"Kai, mai kwat!" in ji wani ƙato mai zane a wuya, wanda na ji suna kira Mimmo. "Ƙanƙara kake jira?"

Na nuna maƙogwarona, na yi tari.

"Ƙyale shi, murya ta tafi," wani ya ce. "Ya yi ihun banza kamar mu."

"Ka dai ga ɗan iskan nan Lobasso, ko? Da hannu ya tura ta raga!" in ji Mimmo.

Lobasso, ɗan wasanmu da ya ci ƙwallon, wanda hotonsa ke rataye a ɗakina. Na gyaɗa kai, har da tsaki. Allah ya yafe mini.

Wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya, da kwandon lemo a cinya, ta ja gefen kwat ɗina. "Zauna nan, ɗana, kafin ka faɗo mini." Na zauna. Tasha ɗaya. Tasha biyu. Saura biyar. Har na fara numfashi kamar mutum.

Sai wayata ta ɗauki ƙara.

Taken Roccalta, da ganga da ƙaho, daga cikin aljihuna. Shekara tara shi ne kiran wayata, ko sau ɗaya ban yi tunaninsa ba.

Bas ya yi tsit. Mimmo ya saki ƙarfe.

"Wayar wa ke nan?"

Ban ji shigar hannunta aljihuna ba. Na dai ga tsohuwar ta zaro wayar ta ƙarƙashin kwando, ta ɗaga ta sama kamar mataccen ɓera.

"Tawa ce! Surukina ne ɗan Roccalta, shi ya sa mini wannan tsiyar don ya ƙona mini rai, na rasa mai cire mini. Akwai magana?"

"Haba, Donna Assunta," in ji Mimmo, "a yau ɗin nan?"

"Mimmo, ni na ɗinka maka rigar baftisma, ka jiƙa ta a gaban fada a coci. Kama ƙarfenka."

Aka fashe da dariya. Ta danna wayar ta manna a kunne. Ina jiyo muryar Nunzio, shugabanmu, siririya kamar ta sauro: "Saverio! Kana ina? Ina tutar?"

"To, na ji," ta ce da ƙarfi. "Kayan suna hanya. Ku riƙe ƙofa." Ta kashe, ta jefa cikin lemo.

Mimmo bai yi dariya ba. Idonsa yana kan cikina. Tsohuwar ta ɗauki kwandon ta dangwara mini a cinya, ta ce can ƙasa, bakinta ko motsi: "Gefe ya leƙo ta ƙarƙashin kwat. Kore da fari. Kada ka duba."

Ban duba ba. Na rungumi lemon nan kamar jariri har tasha biyar.

A tashar jirgi ta miƙe. "Ɗauko mini kayana, ɗana, ƙafar ba ƙafa ba ce." Ta riƙe hannuna, muka ratsa ta gaban Mimmo, kafaɗata ta gogi ƙirjinsa. Ƙofa ta rufe a bayanmu. Bas ya ja. Na juyo gare ta.

"Iya, ban san da bakin da zan..."

"Nuna mini gefen."

Na ɗaga kwat. Ta sa tabarau, ta murza bakin ƙyallen tsakanin yatsu.

"Wa ya yi wannan kalmasa?"

"Mahaifiyar shugabanmu. Ta rasu."

"Ninki biyu, da hannu, ba tsalle ko ɗaya." Ta jinjina kai. "Tutar su Mimmo ni na ɗinka, na san abin da yake yi wa ido. Ba zan zauna ina kallo a ja aikin mata irin wannan a kan kwalta ba. Ungo wayarka. Baɗi za mu zo mu ba ku uku."

"Allah ya kai mu, Iya."

"Gudu, sakarai!"

Shida da minti tara. Na ratsa layin 'yan sanda, na haye matakala bibbiyu. Can ƙarshen jirgi ga Nunzio, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, yana musu da kwandasta, wai igiyar takalminsa ce ta maƙale. Ya hango ni. Ya fizgo ni ciki, ya ja zif ɗin kwat, ya ɗora tafinsa kan ƙyallen da ya jiƙe sharkaf. Ya lumshe ido.

"Tana nan!" ya yi kururuwa.

Taragon ya ɗauka gaba ɗaya, ana dukan rufi, ana sumbatar sanƙona. Ƙofa ta rufe, jirgi ya motsa. Na zame na zauna a ƙasa, hannuwana suna ƙamshin lemo, na bar su Nunzio suna warware ni a hankali.