Keken Gwaggo da Sandar Sulhu

Keken ɗinki ne fa kawai, na ƙafa, baƙi, wanda fentinsa ya goge a inda hannu ke sauka. Amma shi ne cin Gwaggo Mai Keke da shanta, tun ranar da masu masaƙa suka kwance injinansu suka tsallaka teku, wai a can hannun talaka ya fi araha. Ta tsufa tana ɗinka kwalar riga a masaƙar nan, aka sallame ta da "mun gode" da ƙaton kwaɗo a ƙofa. Ta dawo gida ta kafa kekenta a bakin taga, tana faci, tana rage wando, tana canza zif. Ba ta roƙi kowa ba.

Ana nan sai unguwa ta dare biyu. Layin sama suka zama 'yan Namu-Namu, masu cewa kayan waje ne suka kashe ƙasa, a rufe iyaka. Layin ƙasa kuwa 'yan Buɗe-Ƙofa, masu cewa duniya ta zama ɗaki ɗaya, wanda ya rufe ƙofa zafi ya kashe shi. Aka daina gaisawa. Mai aski ya rasa rabin kawunansa. Har famfon tsakiyar layi sai da aka raba masa lokaci, kada bokitin wannan ya gogi na wancan.

Shugaban Namu-Namu ɗan ƙanenta ne, yaron da ta goya a bayanta, yau ya sa baƙin tabarau wai shi Kwamanda. Shi ya ja zuga gida-gida ana kwashe kayan waje. Suka shigo ɗakinta, suka leƙa gindin keken, suka ga rubutun wata ƙasa, suka sungume shi.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, kishin ƙasa ne," in ji Kwamanda.

"Kishin ƙasa? Lasifikar da ke hannunka a gonar ubanka ta tsiro?"

"Wannan kayan gwagwarmaya ne, Gwaggo, hukuncinsa daban."

Ta ja zane ta nufi surukinta, mijin 'yarta, Mai Gwanjo, wanda shi ne jagoran Buɗe-Ƙofa. Ya yi salati, ya dafe kai, ya kira mai hoto. Aka tsayar da ita a gurbin keken ana ce mata ta ƙara ɓata rai. Washegari ga fuskarta a ƙaton ƙyalle a bakin titi. Ta ce to, keken fa? Ya sosa ƙeya.

"Inna, a ɗan jinkirta. In ya dawo yanzu ai hoton ya mutu."

'Yan sanda suka ce maganar siyasa ce. 'Yan siyasa suka ce maganar dangi ce. Dangi suka ce ta bar wa Allah. Masu kawo faci suka canza hanya, tukunya ta fara kwana a kife, tsohuwa tana kallon sawun ƙafafun keke a siminti.

Sai ga kwamitin sulhu. Aka tara unguwa a zauren makaranta, aka jera kujeru zagaye, aka raba lemo da biskit. Mai jagorancin wata yarinya ce mai sanyin murya, kowa na ce mata Malama, an ce har ƙasar waje ta je ta koyo yadda ake shirya mutane. Ta ɗaga wata sanda mai ado da zare kala-kala.

"Wannan ita ce sandar magana," in ji Malama. "Wanda ke riƙe da ita shi kaɗai zai yi magana. Ba a katse shi, ba a karɓa daga hannunsa, sai zuciyarsa ta huce ya miƙa da kansa. Ga kyamara can, duk ƙasa za ta gan ku a talabijin."

Zaɓe ya kusa, don haka kowane ɓangare ya gyara zama, ba mai so a ce shi ne ɗan tasha.

A tsakiyar zagayen akwai wani abu rufe da farin ƙyalle. Malama ta yaye. Gwaggo ta miƙa wuya ta duba. Kekenta ne, an ɗaura masa jan kirtani a wuya kamar ragon kyauta. Malama ta yi albishir cewa shugabannin biyu sun amince, karon farko, a dasa shi da siminti a mararraba, ya zama alamar ciwon da unguwa ta warke. Aka yi tafi. Kwamanda da Mai Gwanjo suka yi wa kyamara murmushi, kowa ta gefensa.

Sanda ta fara zagaye. Kwamanda ya ce yana jin raɗaɗi a ransa. Mai Gwanjo ya ce shi ma yana jin raɗaɗin, har ya fi. Mai aski ya ce shi dai a dawo masa da kawunansa. Sannan sanda ta faɗo hannun Gwaggo.

Ta juya ta, ta auna nauyinta, ta dubi Malama.

"'Yar nan, kin ce ba mai karɓa sai na huce?"

Malama ta buɗe baki, ta tuna ba ta da sanda, ta gyaɗa kai.

"To madalla. Ku gyara zama."

Ta fara da masaƙa, da yadda aka watsar da su kamar ruwan wanki, ba ɗan Namu ba ɗan Buɗe da ya leƙo. Aka yi ta gyaɗa kai, ana jira ta miƙa. Ba ta miƙa ba. Ta nuna Kwamanda da sandar.

"Kai, mai tabarau. Rigar gwagwarmayar da ke jikinka, ba a dilar surukina ka tsinto ta ba? Ba ni na cire mata tambarin waje na ɗinke wurin ba, a kan keken nan? Ka ce Gwaggo ki rufa mini asiri. To ga shi na rufa."

Kwamanda ya miƙe zumbur, ya hango kyamara, ya koma ya zauna. 'Yan Buɗe-Ƙofa suka ƙunshe dariya.

"Kai kuma mijin 'yata, kada ka washe baki. Tsummokaran da kake cewa sun sauko daga jirgi, ba na mutanen layin sama ba ne, ina yi musu faci kana feshe su da turare?"

Dariya ta koma ɗaya ɓangaren. Gwaggo ta kurɓi lemo, ta share baki.

"Duk wanda ya taɓa kawo mini wando, na san abin da ke aljihunsa. Daga kujerar farko zan fara, ɗaya bayan ɗaya, ba sauri nake ba. Ba ni da aikin yi, tunda za ku dasa mini shi a mararraba."

Mai kemis ya fara zufa. Matar mai shayi ta sunkuyar da kai. Ba damar magana, sai ido. Ɗan Namu ya dubi ɗan Buɗe, ɗan Buɗe ya dubi ɗan Namu, mutanen da suka manta kalar idon juna. Kwamanda ya harari Mai Gwanjo ya nuna keken da haɓa. Mai Gwanjo ya tashi ya kama ƙafar keken, Kwamanda ya rungumi kan, sauran suka rufa musu baya, layin sama da layin ƙasa kafaɗa da kafaɗa, ana sauri kafin tsohuwa ta iso kan wandon wani.

Haka aka fito titi. Keke a gaba, Gwaggo a baya da sanda tana ci gaba da bayani, mai kyamara yana gudu da baya, Malama tana share hawayen murna. Ta ga sulhu da idonta.

Suka ajiye shi a bakin taga, daidai kan sawunsa. Gwaggo ta tsinke jan kirtanin, ta taka feda, ƙarar nan ta tashi. Malama ta matso a hankali, ta miƙa hannu biyu tana nuna sandar.

"Ban huce ba," in ji Gwaggo. "Fuskata tana rataye a bakin titi, ƙura na cin ta. A kawo ƙyallen, labule nake so."

Ta tokare tagar da sandar, don dama ƙugiyarta ta karye.

Yanzu ana gaisawa a bakin famfo. Sun sami abin da suka haɗu a kai, wai tsohuwar nan ba ta da kunya. Ita kuwa faci ya yi mata yawa, kuma duk mai kawo wando sai ya zazzage aljihunsa tun daga ƙofa.