Injin Sadiƙu da Mazarin Gwaggo

Tun da Sadiƙu ya dawo Dakoro daga masaƙar da ya yi wa aiki a Najeriya, kunnen gwaggonsa Mas'uda bai huta ba. Yau ma tana zaune da mazarinta tana kaɗi, ya ja kujera.

"Gwaggo, wannan wahala ce. Injin da na tsare shekara goma sha biyu mazari ɗari gare shi. Audugar da aka shiɓe tana shigarsa kamar igiya, kaurin babban yatsa. Sai ya ja ta, ta sirance, ya ɗan murɗa ta kaɗan don kar ta tsinke, ya naɗe a jikin kwarkwaro."

"Sannu da ƙoƙari," in ji Mas'uda. "Shi ke nan ta zama zare?"

"A'a, zare sai wani injin na gaba."

Ikon Allah! Mazari ɗari, ga cin kuran, wato wutar lantarki, duk don abin da yatsunta biyu na hagu ke gamawa tana hira. Ta ciro saɓin auduga daga taskira ta miƙa masa.

"To gwani, ja mini wannan yadda kuke yi."

Sadiƙu ya gyara zama, ya ja audugar bai murɗa ba. Ta rabu biyu a hannunsa.

Mas'uda ta dangwali alli, ta karɓe abinta ta haɗe.

"Ashe injin ne ya iya. Kai hira ka taya shi shekara goma sha biyu."