Teburin Bakin Ƙofar Kicin

Sana'ata zaunar da mutane. Idan za a yi biki ko taro, ni ake kira in shiga zauren tun babu kowa, in auna shi da ido, in jera tebura, in san wanda zai zauna kusa da wa. Na sha raba surukai masu gaba da juna da tukunyar fure ɗaya, na taɓa ɓoye tsohon saurayin amarya a bayan ginshiƙi har aka tashi bai ga ko gefen fuskarta ba. Mutane suna ɗauka lambar da ke kan teburi ado ce kawai. Alhali da ita masu rabon abinci suke fitowa, da ita mai hoto yake zagayawa, ita kuma amarya da ango suke bi wajen gaisuwa. Teburi na ɗaya shi ne farko a komai.

Da bikin ƙanwata Auta ya zo, ban tsaya shawara da kowa a kan mai teburi na ɗaya ba. Inna Mai Keke ce. Ba ita ta haife mu ba, katanga kawai muka haɗa. Amma ranar da mahaifiyarmu ta rasu, Auta tana rarrafe, Inna ce ta shigo ta goya ta, ta kama hannuna, ta wuce da mu ɗakinta. Da mahaifinmu shi ma ya rasu, ba wanda ya zo nemanmu. Da keken ɗinkinta ta ciyar da mu, ta kai mu makaranta. Har yau idan na ji ƙarar keke barci ne yake ɗibata.

Sai ga Baffa, yayan mahaifinmu, wanda ba a ganinsa sai an jera kujeru. Ana gobe biki ya shigo zauren da sandarsa yana ƙamshin turare, ya same ni ina shimfiɗa mayafin tebura. Ya ce ya ji abin da nake shirin yi, kuma ba za a yi ba yana numfashi. Dangin ango manyan mutane ne, idan suka ga maƙwabciya a gaba za su ce amarya ba ta da asali. Ya nuna teburin da ke jikin dandamali da sanda ya ce nan shi da abokansa. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana rabawa, dangi a gaba, abokan aiki a tsakiya. Da ya zo kan Inna sai ya miƙa sandar can ƙarshe, bakin ƙofar kicin, inda ƙofar take bugun bayan kujera duk sanda aka buɗe ta.

Raina ya ɓaci. Na buɗe baki zan amayar masa da abin da na daɗe ina haɗiyewa, sai Auta ta ja ni gefe, ido ya kawo ruwa. Ta roƙe ni don Allah kada in ta da rigima a gaban surukanta, ta sa na yi mata alkawari ba zan matsar da kujerar kowa ba. Na yi mata, ina cizon leɓe.

Abin da ya fi ƙona min rai Inna ce da kanta. Na same ta tana ƙarasa kalmasa bakin rigar amarya, allura a baki. Da na gaya mata, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ai ko a tsaye aka bar ta za ta hango Auta, kuma kusa da kicin ya fi, idan hannu ya yi kaɗan sai ta taya su. Na fita daga ɗakin don kada ta ga hawayena, ta ce mini mai zuciyar tsiya kamar yadda ta saba.

Washegari da sassafe na shiga zauren da kwandon lambobina, na katako ne masu ruwan zinare, na yi shekaru ina aiki da su. Tebura goma sha takwas, kowanne yana inda Baffa ya ce. Na nufi dandamali kamar kullum, lamba ta ɗaya a hannuna, sai na tsaya. Baffa ya faɗi inda kowa zai zauna. Bai faɗi daga inda za a fara ƙirga ba. Na juya na taka har bakin ƙofar kicin na dasa ta ɗaya a can, na riƙa jerowa ina dawowa gaba. Ta goma sha takwas ta faɗa teburin Baffa, na gyara mata fure a gefe don ta yi kyau.

Shugabar masu rabon abinci ta dubi lambobin, ta dube ni, ta tambaya ko kuskure ne. Na ce mata ta bi lamba kamar yadda muka saba. Mai hoto da mai gabatarwa ma abin da na gaya musu ke nan.

Baffa bai ko kalli allon sunayen da ke bakin ƙofa ba. Kai tsaye ya wuce gaba ya baje, abokansa suka kewaye shi. Zaure ya cika, amarya da ango suka hau dandamali, sannan mai gabatarwa ya ce za su sauko su fara gaida iyaye a teburi na ɗaya. Baffa ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Auta ta sauko ta nufo shi, idonta ya faɗa kan lambar da ke gabansa, ta tsaya cak. Ta ɗago tana nemana. Ina can ƙarshen zaure na ɗaga lamba ta ɗaya sama yadda kowa zai gani. Daga nan zaɓi ya koma hannunta.

Sai ta kama hannun angonta ta taho. Mutane suka riƙa juya kujeru suna bin su da kallo, har zauren gaba ɗaya ya ba dandamali baya.

Inna kuwa ba ta kan kujerarta. Ta riga ta miƙe tana taya wata ɗaukar faranti. Na ƙwace farantin na zaunar da ita da ƙarfi. Auta ta zube a gabanta, ango ma ya durƙusa, uwar ango ta taso daga nata teburin ta biyo su. Inna ta rasa inda za ta sa hannunta, sai ta kama bakin rigar amarya tana kakkaɓewa.

"Tashi mana, 'yar nan, kina jan min ɗinki a ƙasa," ta ce, hawaye yana zuba a kan ɗinkin.

Ban ji zuwan Baffa ba sai da sandarsa ta bugi ƙasa kusa da ƙafata. Ya yi ƙasa da murya saboda mutane.

"Ke wa ya ce ki fara ƙirga daga baya?"

"Baffa, ban taɓa kujerar kowa ba. Kowa yana inda kuka ajiye shi."

"Tambayarki na yi."

"Daga inda muka fara na fara."

Ya ce daga yau kada in ƙara taka masa gida. Na ce to. Dama ban san launin ƙofarsa ba.

Abinci ya isa teburi na goma sha takwas a ƙarshe, amma da zafinsa, don ni ba na wasa da aiki. Da aka watse na bi tebura ina tattara lambobina, na ƙirga na sake ƙirgawa, ta ɗaya ba ta nan. Sai bayan kwana biyu na gan ta a ɗakin Inna, a tsaye a kan keken ɗinki kusa da gwangwanin allura. Ta ga na gani, ta ce tsintarta ta yi a jakarta, wataƙila faɗawa ta yi, in ina so in ɗauka.

Na ce mata ai na riga na sa an sassaƙa min wata. Ban sa ba. A bikin da na yi bayan nan, da kwali na rubuta ta ɗaya.