Kujerar da Ba Ta da Izini

Kwana uku ina kai-komo tsakanin taga da tebur kafin na tafi ofishin shige da fice. Tun rasuwar matata, izinin zama kawai aka bar mini a ƙasar nan, ban da na aiki.

"Baba," in ji jami'ar da na tarar, "wajen haraji kai ɗan gida ne, wajen aiki kuwa baƙo."

"'Yata, kamfanin da nake gyara wa littattafai yana wata ƙasa. Kujerata ce kaɗai a nan."

"Kujerar ce ba ta da izini. Ka bar aikin, ko ka bar ƙasar."

Marigayiya matata tana maƙabartar bayan tashar mota, ba mai tambayar takardarta, ni kuwa ba zan tafi in bar ta ba. Da komawata gida na rubuta wa kamfanin cewa na ajiye aiki.