Chispa Ta Ƙi Cin Abinci

Doña Nélida ta sake tura kwanon gaban Chispa. 'Yar karyar ta shinshina naman kazar, ta kau da kai, ta koma bakin ƙofa ta kwanta. Tun jiya da Nélida ta dawo daga asibitin birnin Valparaíso ta karɓo ta daga hannun maƙwabciyarta Zulema, ko loma ba ta sa a baki ba.

Karayar ƙugu ce ta kwantar da Nélida duk damina. Ta bar karya mai cukurkuɗaɗɗen gashi, ta dawo ta tarar da ita tana sheƙi, an taje ta, an ɗaure mata gashin goshi da jan zare, har da 'yar rigar sanyi. Igiyar wuya ma an canza ta da ta ƙirji.

"Maƙoshin ƙananan karnukan nan ba ƙwari," in ji Zulema, kamar ita ta raine ta tun tana cika tafin hannu. Nélida na shiga gida ta cire zaren ta jefa a shara.

Wajen azahar Chispa ta fara rawar jiki, ƙafafunta na baya suna harɗewa. Nélida ta san irinsu: jiki kaɗan, yunwar yini guda tana iya kayar da su. Ta lakato zuma a yatsa ta miƙa mata. Chispa ta rufe baki gam.

Nélida ta daɗe tana kallon bangon da ya raba ta da Zulema, sannan ta ɗaga sandarta ta buga shi.

Zulema ta shigo da kumfar wanki a hannu. Karyar ta ja jiki ta nufe ta, guntun wutsiyarta na kaɗawa.

"Me kika ba ta a gidanki?" Nélida ta tambaya. "Asiri?"

"Haba, ƙawata. Ɗumama mata naman nake yi. Haƙoranta sun fara ciwo."

"Shekara tara ina ba ta da sanyi."

"Ke ma ai da can ba kya dogara sanda."

Zulema ta durƙusa. Chispa ta lashe zumar, ta ci naman daga tafin hannunta. Nélida na zaune tana kallonsu.

"Ki riƙa zuwa safe da rana," ta ce. "Amma a nan za ta kwana."

Zulema ta gyaɗa kai, ta ciro mataji daga aljihu.

Nélida ta miƙa hannu. "Ba ni. Nuna min ta inda kike farawa."