Hoton Mai Walda

Tun ranar da Auta ta ce za ta zana namiji ɗaya a danginsu don baje kolin makarantarsu, Akawu ya ɗauka shi ne. Wa kuma? Shi ya haife ta, shi ya fara sayo mata fenti. Ya je aka rage masa gemu, ya sa aka goge farar rigarsa. Kullum da yamma sai ya zauna a falo ya miƙe wuya, jarida a hannu, ko layi ɗaya ba ya karantawa.

Auta kuwa sai ta wuce shi da kayan zanenta, ta nufi shagon ƙaninsa mai walda a bakin titi.

"Me kika gani a jikin wancan?" Akawu ya tambaye ta. "Mutumin da ko wanka sai an roƙe shi?"

"Baba, kai ba ka motsi. Baba Ƙarami kuwa in ya ɗaga ƙarfe, kafaɗarsa kaɗai ta ishe ni aikin sati."

Akawu ya shige ɗaki, ya tuɓe riga gaban madubi yana juya kafaɗa. Matarsa ta riske shi haka, ta yi dariya har ta zauna a bakin gado.

Ranar baje kolin, hoton ya kusa kai tsayin ƙofa. Ga mai walda da tabarau a goshi, singileti duk huji, tabon ƙuna a damtse. Mutane suka yi cincirindo. Wata mata ta dafa Auta ta ce, "Mahaifinki ne? Kai, wannan namiji ne!"

"Ni ne mahaifinta," Akawu ya yi caraf ya ce. "Wannan ƙanina ne, ni na goya shi. Kuma tsayin nan ƙari aka yi masa, bai kai ni ba."

Mai walda, yana rakuɓe a gefe cikin rigar da ta matse shi, ya sunkuyar da kai.

"Gaskiya ne, Yaya," in ji shi.

Da musu ya yi, da Akawu ya fi samun sauƙi.

Da Auta ta dawo da hoton gida, Akawu ya ce bangon falo na da danshi, zai lalace. Aka kai shi shagon walda aka rataye, yana kallon titi. Tun daga nan ta bayan layi Akawu yake zagayawa ya hau mota, ya ce wa matarsa likita ne ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa.