Murfin Da Ya Iso A Makare

Akwatin sabon murfin injin ya iso Sarh ranar wata Talata, a bayan motar da ke kawo magunguna daga Njamena, kwana goma sha ɗaya da binne ƙanwata Nelumta. Direban ya leƙo rumfar jirgi yana ƙwala mini kira: "Ngarsajim! Fito, ga hular tsohuwarku ta zo!" Da ya ga fuskata sai dariyar ta maƙale masa. Ya kama mini muka sauke, ya ja motarsa ya tafi.

Tsohuwa muke kiran jirgin. Ɗan ƙaramin jirgin sama ne mai inji ɗaya, na ƙungiyar cocinmu, aikinsa ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan da ruwa ke yankewa da damina. Shekara goma sha tara ina makanikinsa. Matuƙinsa kuwa Majitolum ne, mijin Nelumta, mutum mai tsokana kamar me. Kullum da safe gaisuwarsa ita ce, "Yaya, ka ɗaure notunan kuwa, ko yau ma addu'a ce za ta riƙe ni a sama?" Ni kuma in ce, "Kyaftin, tumbin nan naka ne matsalar jirgin, ba noti ba."

A farkon Agusta yana shirin sauka ungulu ta daki hancin jirgin. Ya sauko lafiya, amma murfin injin ya tsage tun daga bayan farfela har inda ake ɗaure shi da jikin jirgi, maɗaurai uku sun yage. Na cire shi na jingine, muka aika a kawo sabo. Aka ce mu jira mako biyar.

A mako na uku, da hantsi, aka kira mu ta oba-oba daga wani ƙauye can bayan Kyabe, inda aka tura Nelumta aikin ungozoma na wata uku. Kububuwa ta sare ta a bayan ɗakin shan magani, allurar dafi kuma ta ƙare musu. Tafiyar minti arba'in ce a jirgi. Ta ƙasa kuwa, a irin wannan lokaci, sai kwana biyu.

Majitolum ya shigo a guje ya sungumi tsohon murfin.

"Yaya, ɗauko waya. Ɗaure mini shi."

"Ba zai riƙe ba."

"Minti arba'in zuwa, arba'in dawowa. Zan tafi a hankali."

"In iska ta shiga tsagar nan ta ɓalle shi, gilashin gabanka zai doka. Ko injin ya yi zafi ya tsaya maka a kan fadama. Yaran nan huɗu wa ka bar wa?"

"Ƙanwarka ce fa! Uwa ɗaya uba ɗaya!"

"Na sani."

Ya durƙusa ya riƙe mini gwiwa, mutumin da bai taɓa roƙona ko allura ba. Da ya ga ba zan sauya ba sai ya ce shi zai ɗaura da kansa. Na ɗauki rabin murfin na ƙasa na jefa ɗakin kayan aiki, na danna kwaɗo, na sa makullin a aljihu. Ya shaƙe ni har sai da maigadi ya raba mu.

Muka karɓi allurar a babban asibiti, muka hau babur ɗaya, shi yana tuƙi ina riƙe da kular ƙanƙara. Inda hanya ta ƙare muka shiga kwalekwale. Washegari da la'asar muka hango wani kwalekwalen yana tahowa, an rufe wani abu da zane a tsakiyarsa. Zanen na gane tun daga nesa, matata ce ta saya mata.

Tun daga ranar bai sake yi mini magana ba. A wurin makoki ma in na zauna nan, shi sai ya koma can.

Murfin inji ba aikin mutum ɗaya ba ne. Rabi biyu ne, na sama da na ƙasa, kuma sabo ba ya zuwa daidai. Gefensa da saura, ba ko huda ɗaya a jikinsa, sai ka ɗora, ka auna, ka sauke, ka rage, ka sake ɗorawa. Ina ta fama da na ƙasan, na tokare shi da gwiwa yana zamewa, sai na ji nauyin ya ragu. Majitolum ne ya kama ɗaya gefen. Ya rame, an aske masa kai irin na masu zaman makoki. Bai gaishe ni ba.

Kwana uku muka yi a kai. Na manna salatef a jikin jirgin, na ja layi da fensir, na bi gefen da magagari kaɗan-kaɗan, farar ƙurar tana cin fata. Tsakanin murfin da farfela dole a bar tazarar da ɗan yatsa zai shiga, kada su gogi juna. Wajen bututun hayaƙi ya matse, sai da na faɗaɗa. Maganarmu ba ta wuce "ɗaga", "sauke", "matso da shi hagu" ba. Da rana matata takan aiko da tuwon dawa da miyar busasshen kifi. Nakan ajiye kwanon a tsakiya, shi kuma ya fita ya zauna ƙarƙashin fiffike har in gama.

A rana ta uku ina huda ramukan maɗaurai, shi yana danne da murfin, sai ya yi magana bai dube ni ba.

"Da ka cire tsohon, ka duba injin?"

"Na duba."

"Ƙafafun da ke riƙe shi fa? Akwai tsaga?"

"Babu."

"Ke nan murfin ne kawai."

"Shi kaɗai."

Na gama ramin. Sannan ya ce, "Yaya, tsakaninka da Allah. Da ka ɗaure shi da waya, zai kai?"

Amsar tana bakina. In na ce ba zai kai ba, zai yarda, domin bai taɓa musu da ni a kan ƙarfe ba. Da shi ya samu barci, ni ma na samu suruki. Amma kwana goma sha huɗu ke nan ina juya tsohon murfin a ɗakin kayan aiki, ina lanƙwasa shi da hannu, ina lissafin inda waya za ta bi.

Na ce, "Wataƙila ya kai. Wataƙila bai kai ba. Ban sani ba."

"Amma ranar ka ce ba zai riƙe ba."

"Haka na ce."

Ya gyaɗa kai. Hawaye ya ɗiga a kan sabon fentin, ya sa hannun riga ya goge a hankali, kamar kada ya ɓata aikin. "Huda na gaba," in ji shi.

Muka ɗora na saman. Na zura hannu ta bakin iska na gyara robobin da ke kewaye da injin, domin in suka naɗe iska ba za ta sanyaya shi ba. Na murɗa maɗaurai ashirin da shida ɗaya bayan ɗaya, na sake bin su daga farko. Ya tayar da injin, jirgin ya yi ta rawar jiki a wuri ɗaya, murfin ko motsi. Ya tashi ya zaga kan kogin Shari sau biyu ya sauko. Na duba, ba inda ya goga, ba ɗigon baƙin mai. Na sa hannu a littafin jirgi, ya sa nasa a ƙasa.

Washegari da safe ya ɗauko wata mata da naƙuda ta yi wa gardama, aka yi mata aiki, ita da jaririn suka rayu. Haka ya yi ta zirga-zirga har ruwa ya janye, mutum talatin da ɗaya ya kawo a wannan daminar. Yakan ce "ina kwana", in amsa, shi ke nan. Ƙafarsa ba ta sake taka gidana ba.

Bayan Kirsimeti ya ajiye aikin, ya kwashe yaran suka koma Mundu wajen danginsa. An ce yanzu lissafi yake koyarwa a wata sakandare. An kawo mana wani matuƙin, mutumin kirki ne, ba ya wasa, "Shef", wato oga, yake ce mini.

Babbar 'yar Majitolum, Solkem, takan kira ni ranar Lahadi in sun taso daga coci. Wani lokaci nakan jiyo muryarsa daga nesa yana tambaya da wa take magana. In ta ce kawu ne, sai ya ce ta gaishe ni.